Ranar da Hajiya Yalwa Ta Rasa Ɗan Aike

Masu ba da labari sun ce, a wani zamani da bai yi nisa da namu ba, an yi wata tsohuwa a Ringim mai suna Hajiya Yalwa, mai sayar da atamfofi a cikin gida. Ɗanta na fari, Munzali, ya tafi karatun likita ƙasar Turawa tun yana saurayi, aiki ya riƙe shi a can, har ya auri wata Balarabiya mai suna Nadiya, wadda ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa. Shekaru suka tura, uwa da ɗa ba su sa juna a ido ba. Ran nan Munzali ya ga abin ya isa, ya yanka musu tikitin wani ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai yawo a Bahar Rum daga wannan gari zuwa wancan, don tsohuwarsa ta huta, ta kuma san matarsa.

To, Hajiya Yalwa mutuniyar da ce, mai kara. Tun da ta haifi Munzali ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta zauna hira da shi. In ya bugo waya, sai ta miƙa wa autarta Hanne, ta koma gefe tana tsintar shinkafa, kunne kuwa yana can. Hanne ce bakinta. Da ita aka shirya tafiyar, sai biza ta ƙi fito mata, tsohuwa ta taho ita kaɗai.

A jirgi, kullum safiya Munzali zai zo gaisuwa, ta amsa tana kallon bango. Nadiya kuwa mijinta ya gaya mata a garinsu ana jin nauyin suruka, don haka daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gudu. Haka kwanakin suka ƙare, har aka zo ranar ƙarshe, ranar da jirgin ba ya tsayawa a kowane gari. Ruwa gabas, ruwa yamma. Washegari za a sauka, ita ta yi Kano, su su yi tasu ƙasar, kuma a shekarunta ba wanda zai ce ga ranar sake haɗuwa.

Hajiya ta fita neman abin da zai cinye mata yinin. Ta hau can sama, ta tarar da Turawa sun shanya jikinsu a rana kamar kuɓewa, wasu kuma sun bar teku guda sun cunkushe a wani ɗan kududdufi da aka gina a kan jirgin. Ta yi a'uzubillahi ta sauko. A wani zaure ta iske ƙattin mutane da furfurarsu ana koya musu naɗe tawul ya zama giwa. Ta zauna ita ma ta naɗe nata, ya fito gammo sak. Dariya ta kama ta, ta waiga ta nuna wa wani, babu wanda za ta nuna wa. Ta ajiye. A wurin cin abinci ga shi nan tuli, ta ɗiba ta ci, ba wanda za ta ce wa bismilla. Ta koma barandar ɗakinta ta zauna da carbi, ko azahar ba ta yi ba. Kaɗaici ya taso mata, ta yi kuka abinta.

Tana cikin haka sai wata tsattsewa ta faɗo kan ƙarfen barandar tana haki, ta ce, "Salamu alaikum. Hajiya, a taimaka mini da ruwa, wannan na ƙasa duk gishiri ne."

Hajiya ta amsa sallama, ta zuba mata a murfin kofi. Ta ce, "Ikon Allah! Tun safe ina cikin mutane ban sami mai yi mini Hausa ba, sai tsuntsuwa. 'Yar nan, daga ina?"

Tsattsewa ta ce, "A wani soro a ƙasarku nake yin rabin shekara, can na koya. Iska ce ta raba ni da 'yan'uwana. Amma Allah ya ba ki haƙuri, kafin in zo nan na sauka a wata baranda, na ji wani Bahaushe mai kama da ke yana magana da matarsa da harshensu. Cewa yake, mahaifiyarsa ba ta yafe masa auren da ya yi ba, ko kallonsa ba ta son yi, daga gobe ba zai ƙara takura mata ba."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da na raba goro unguwa guda ranar ɗaurin auren? Yaron nan ya manta ɗan fari ne shi? Ai ya san kunya ce."

Tsattsewa ta ce, "Ya sani da, lokacin da akwai mai fassara masa ita. Ina tsoron kada abin da ya sami Malam Jatau da mijin 'yarsa ya same ki."

Hajiya ta ce, "Me ya same su?"

Tsattsewa ta gyara fiffike ta ce:

Allah ya ƙara miki lafiya, an yi wani dattijo, Malam Jatau, da mijin 'yarsa Sambo. Wata rana a farkon damina suka haɗu a hanyar dawowa daga kasuwar ƙetaren kogi. Suna tsakiyar yashi sai ruwan kogi ya taho da ƙarfinsa, da ƙyar suka haye wani ɗan tsibiri. Tsibirin nan bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, itace ɗaya ne a kansa, shi ma gawo, wanda ba ya ganye da damina. Ba inda mutum zai ɓuya wa ɗan'uwansa.

Sambo yana da ƙullin dakuwa a jaka. Amma kin san ba a cin abinci gaban suruki. Da yunwa ta yi yunwa, ya durƙusa ya tura ƙullin, ya ce, "Baba, ga ɗan abin taɓawa."

Malam Jatau ya kau da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, azumi nake."

Sambo ya ce, "Ni ma nafila nake, Baba."

Rana ta faɗi, ƙaryar azumi ta ƙare, sai kowa ya ce cikinsa ne ba daɗi. A gida abin da sauƙi, matar Sambo ce ke kai wa wannan akushinsa a soro, ta kai wa wancan nasa a ɗaki, kowa ya ci ya ƙoshi da mutuncinsa. A nan babu ita. Kwana ya bi kwana, dakuwa na tsakani, tururuwa na shagali, su kuwa sun koma salla a zaune.

Can Allah ya kawo wani masunci, Bawa, a kwalekwalensa. Ya dubi mutane biyu kwance ido ya faɗa, ya dubi abinci a tsakaninsu, ya tambayi dalili. Da ya ji, ya yi dariya har ya kusa kifar da kwalekwalen. Sa'an nan ya tsuke fuska ya ce, "Ina dariya ne, amma abin ba na dariya ba ne. Ku ba ku ji abin da ya sami Ladingo mai tukwane ba?"

Suka ce da 'yar muryar da ta rage musu, "Ba mu ji ba."

Bawa ya kafa sandar tuƙinsa ya ce:

A garinmu aka yi ta. Ɗanta na fari, Tambai, fataucin goro yake yi a kurmi, sai bayan kaka yake zuwa gida. In ya zo, kakarsa ce ke tarbarsa, ta rungume shi, ta yi masa tsiya. Ladingo kuwa tana bayan zana tana tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, ta ba tsohuwa ta kai masa. Yana ci ya san hannun wa ke ciki, ba ya bukatar a gaya masa.

Wata shekara kakar ta rasu yana can, bai sami zuwa ba. Da ya dawo, ranar kasuwa ce, unguwa ba kowa. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Ladingo na ciki, hannu dumu-dumu da yumɓu. Ta gane muryar, gabanta ya faɗi don murna, amma ta yi shiru, tana jira ko wani zai gifta ta ce ya shigo da shi. Ba wanda ya gifta. Shi kuwa ga hayaƙi yana tashi, ya kuma ji tarinta, ya san tana nan. Ya sake sallama, ya sake. Sai ya ce a ransa, fushi take don bai zo ta'aziyyar uwarta ba. Ya ajiye huhun goro a bakin ƙofa ya juya.

Ita kuma ta ce ai zai zaga gari ya dawo. Ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya. Tuwo ya huce. Bai dawo ba ranar, bai dawo ba shekarar, bai ƙara dawowa ba. Ni da idona na gan ta da ta tsufa, zaune a bakin hanya, duk ayarin da ya wuce sai ta tare shi: "Ko kun ga Tambai? Tambai, ɗana na fari." Sunan da ba ta taɓa faɗa mai shi ya ji ba, ta ƙare tana faɗa wa baƙi.

Bawa ya ce, "To, ku ma in kun ga dama ku jira mai kai muku akushi, ni dai sai in koma in gaya wa yarinyar nan ta yi rashin uba da miji rana ɗaya, da abinci a gabansu."

Malam Jatau ya dubi ƙullin. Can ya miƙa hannu ya gutsuri dakuwa, ya tura wa Sambo saura. Suka ba juna baya suka ci, kowa na jin taunar ɗan'uwansa, kuma ba wanda mutuncinsa ya zube.

Tsattsewa ta ce, "Kin ji yadda suka ƙare, Hajiya. Ban ce kara aibu ce ba. A gida tana da masu yi mata hidima, ga kaka, ga gwaggo, ga Hanne. A nan ruwa ne kawai ya kewaye ku, shi kuwa ba ya kai saƙo. Ɗanki yana ta sallama tun ranar da kuka hau jirgin nan."

Hajiya ta ce, "Yanzu so kike da tsufana in buɗe baki in kira sunansa? Wallahi harshena ba zai juya ba."

"Ban ce ki kira sunansa ba. Cewa na yi ya ji."

"To ke ki je ki gaya masa mana, tunda bakinki bai da ƙofa."

Tsattsewa ta ce, "Ba zai ji ni ba, yana da matarsa a gefe. Sai wanda kaɗaici ya yi wa yawa ke jin maganar tsuntsu. Ga shi iska ta juya, in ban bi ta yanzu ba na rasa 'yan'uwana. Allah ya saka da ruwa." Ta tashi ta yi sama.

Hajiya Yalwa ta bi ta da kallo. Sa'an nan ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan." Ta yi alwala ta yi salla, ta yafa gyalenta, ta fita. Ta sha wahalar neman su, don jirgin gari guda ne, kuma gwiwoyinta ba sa son matakala. Can bayan jirgin ta same su, Munzali ya jingina da ƙarfe yana kallon kumfar da jirgin ke bari, Nadiya na kusa da shi.

Nadiya na ganinta ta durƙusa za ta sulale. Hajiya ta cafke wuyan hannunta, ta zaunar da ita a kujera, ta zauna gabanta. Ba ta dubi Munzali ba ko kaɗan. Ta ce, "'Yata, ki gaya wa mijinki ina da magana."

Munzali ya ce, "Inna, ai ba ta jin Hausa."

Hajiya ta ce, "Wa ya sa da kai? Da 'yata nake. In ba ta ji ba, a fassara mata ta gaya maka."

Munzali ya durƙusa a gefensu, ya fassara. Nadiya ta zaro ido, ta gyaɗa kai.

Hajiya ta ce, "Ki gaya masa ya rame, ya riƙa cin abinci." Ya fassara. "Ki gaya masa ya iya zaɓe, matarsa ta kwanta mini a rai tun ranar da na gan ta." Ya fassara, Nadiya ta rufe fuska da hannu ɗaya, ɗayan yana hannun tsohuwa.

Hajiya ta ƙara damƙe hannun ta ce, "Ki gaya masa ban taɓa fushi da shi ba, ko na yini ɗaya. Duk wayar da ya bugo ina nan ina ji. Tun ranar da ya bar gida ban taɓa ɗaga goshina daga sujada ban ambace shi ba, kuma a can da sunansa nake kiransa."

Munzali ya buɗe baki zai fassara, magana ta ƙi fita. Nadiya ta taɓa kafaɗarsa tana tambayarsa da harshensu me aka ce. Ya kasa. Ya kifa kansa a gwiwar tsohuwarsa yana kuka kamar yaro.

Hajiya Yalwa ta kau da fuska wajen teku, hawaye na bin kuncinta, ta ɗora hannu a kansa. Ta ce wa Nadiya, "Bar shi, 'yata. Wannan ba sai kin gaya masa ba, ya ji."