Gawo da Surukarsa Damina

Dalilin da ya sa gawo yake kaɗe ganyensa da damina, lokacin da kowace bishiya take caɓa ado, ba ciwo ba ne, ba kuma wauta ba ce kamar yadda na ji waninku yana faɗa. Kunya ce. Ku matso ku ji.

A can da, a wani gari da ake kira Kwarin Dawa, akwai wata rijiya da ruwanta ke kusa, har da ƙwarya mata suke ɗiba, ba su san guga ba. Rijiyar nan 'yar Damina ce. Kowace shekara uwar takan zo ganinta da ruwa niƙi-niƙi a ka, ta zauna ta huta, ta juye mata, sannan ta koma.

To, ɗan Adam dai kun san shi da abin da bai sha wahalarsa ba. Wani ya wanke jakinsa da safe, ya sake wanke shi da la'asar. Aka sare daji, aka riƙa share gonaki ƙal ana ƙone kara, har ƙasa ta zama fako. Damina ta zo, ba wurin zama. Bishiyoyi kuma suka riƙa wawashe mata kaya kamar yara sun ga tsaraba, kuma gawo ya fi kowa zari. Sai ta yi fushi, ta riƙa wucewa rafi da sauran kayanta.

Ruwan rijiya ya yi ta ja da baya. Aka nemo guga, aka yi ta ƙara igiya, har mata suka fara ƙulla ɗankwalinsu a jiki don ta kai. Ran nan Maigari Dogara ya tara jama'a ya ce, "Idan aka sake damina rijiyar nan ba ta farfaɗo ba, tashi za mu yi."

Akwai wata tsohuwa mai daddawa, sunanta Tabawa. Maganar nan ta tsaya mata a rai, don a garin aka binne iyayenta da mijinta, ga shi ƙafafunta ba za su kai ta ko'ina ba. Ta dogara sandarta har bakin rijiya, ta leƙa.

"Ke 'yar nan, me muka yi miki?"

Daga can ƙasa Rijiya ta ce, "Iya, ba fushi nake yi ba, ramewa nake yi. Kuna ɗiba, ba mai zubawa. Innarmu ta daina shigowa, ta ce ba a yi mata shimfiɗa a garinku."

Tabawa na cikin jinjina maganar sai ta hango wata saiwa ta leƙo ta bangon rijiya. Ta ce, "Wannan kuma ta wa?"

Rijiya ta ce a hankali, "Ta Gawo ce. Yakan zo gaisuwa."

"Gaisuwa? Har can ƙasa?" Tsohuwa ta yi dariya har sandarta ta faɗi.

Ta wuce gindin Gawo ta ce, "Kai, zance ba ya ƙarewa ne? In kana sonta ka fito." Gawo ya yi ta soshe-soshe, daga baya ya amsa. Aka tambayi Rijiya, ta ce ita dai abin da Iya ta gani. Maigari ya yi waliyyi, aka raba goro, masu kalangu suka kaɗa. Mutane suna ta dariya wai Tabawa ta ruɗe, amma ba wanda ya mayar da goronsa.

Da biki ya watse, Tabawa ta ce wa ango, "To, yanzu Damina surukarka ce. Ka dai san suruki ba ya ci, ba ya sha a gaban surukarsa."

Gawo ya ce, "Iya, in ta zo tana daɗewa?"

"Sai ranar da ta ga dama."

Hadari ya haɗo, Damina ta iso tana tsawa. Kuka da tsamiya suka wangame baki. Gawo kuwa ya sunkuyar da kai, ya kame bakinsa. Ya duba ko akwai tabarmar da zai shimfiɗa wa babbar baƙuwa, babu. Sai ya tuɓe koriyar rigarsa ta ganye, ya shimfiɗa ta a ƙasa.

Damina ta tsaya ta ce, "Wane ne wannan mai ladabi?"

Tabawa ta ce, "Mijin 'yarki ne."

Daɗi ya kama Damina. Ta zauna a kan shimfiɗar, ta miƙe ƙafa, ta sauke kaya, ruwa ya yi ta nutsewa a hankali har ɗakin 'yarta.

Tabawa ta juya ga mutanen gari ta ce, "Ashe itace ya fi ku sanin darajar baƙo?" Kunya ta rufe su. Suka daina ƙone kara, suka haƙa 'yan ramuka a gonaki suka zuba taki, suka jera duwatsu a hanyar ruwa. Damina ta samu wuraren zama ko'ina, ta ƙi saurin tafiya. Kafin kaka, guga ya fara dawowa a cike. Maigari ya ce maganar tashi ta mutu, Tabawa ta taka rawa da sandarta har sai da aka riƙe ta.

Da suruka ta tafi, Rijiya ta riƙa shayar da mijinta ta ƙarƙashin ƙasa. Ya ɗinka sabuwar riga a tsakiyar rani, ya yi inuwa, ya zubo wa awaki 'ya'ya.

Shi ya sa har wa yau, da zarar hadari ya taso, gawo yake tuɓe rigarsa ya tsaya da ƙishirwa sai baƙuwarsa ta koma. In kuwa kuka ga wani ya nufe shi da gatari, ku riƙe masa hannu, ku ce masa rijiyar garinku zai sa takaba.