Bushiya da Kogin da Ya Cinye Gonarta

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta da kunnen basira!

Wata shekara kogi ya cika ya batse, ya shafe gonar Bushiya da ta maƙwabcinta Kurege, ko zangarniya ɗaya bai bari ba. Bushiya ta kwana uku tana kuka, 'ya'yanta na kukan yunwa. Kurege kuwa, sarkin zafin zuciya, ya hau tudu yana zagin kogi yana jifansa da duwatsu.

Da ruwa ya janye, Bushiya ta taka laka ta ji laushi. Ta share hawaye, ta roƙo irin dankali a wurin dangi, ta hau dashe.

Kurege ya ce, "Haba Bushiya, a bakin wanda ya cuce mu za ki shuka?"

Ta ce, "Maƙwabci, kogi ba shi da kunne, amma 'ya'yana suna da ciki."

Dankali ya yi albarka. Kurege ya sauko, murya ta dishe, ciki ya lafe. Bushiya ta gasa masa ya ci ya ƙoshi, sannan ta miƙa masa fartanya da irin dankali ta ce, "Gefen can da sauran danshi."

Ya karɓa, ya duƙa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma gida!