Mabuɗin Ɗakin Allo a Zangon Ƙirya

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma da kwata na safe, saura kwana tara Iya Tabawa ta tashi zuwa aikin Hajji. Ku saurara da kyau, domin ku ne alƙalai.

Zangon Ƙirya ƙaramin gari ne a kan tsohuwar hanyar gabas, wadda mutanen da suke bi da ƙafa zuwa Makka. Garin yana da wani babban allon zayyana, zane ne zalla, babu aya a jikinsa. Duk maniyyacin da ya yada zango a garin sai ya sassaƙa rabin tauraro a gefen allon da tsinin wuƙa, a shafa tawada. In Allah ya dawo da shi, ya cika ɗaya rabin. Taurari ɗari da goma sha ɗaya ne a jikin allon. Goma sha bakwai daga cikinsu rabi ne har yau, don masu su ba su dawo ba.

Iya Tabawa ce ta gaji allon daga mahaifinta. Da baƙi suka fara bin tsohuwar hanyar don ganin zangunanta, sai ta buɗe ɗakin allon ga kowa: Musulmi da Kirista, mai ido da makaho. Har dokin ƙofa ta sa aka fasa don masu keken guragu. Amma mabuɗin bai taɓa barin haɓar zaninta ba. Mutum uku ne suke taimaka mata. Akwai Shekarau, ɗan ƙanenta, makaho ne, shi ke yi wa baƙi bayanin allon. Akwai Rifkatu, 'yar maƙwabcinta, Kirista ce, ita ke tarbar baƙi tana ɗaukar hotonsu. Sai Cindo direba, mai kawo su daga birni. Ɗaya daga cikin ukun nan Iya za ta bar wa mabuɗi kafin ta tafi, kuma ba ta tsai da kowa ba tukuna.

A wannan safiyar ayari na farko, mutum ashirin da uku, sun gama kallo sun watse tun ƙarfe tara. Ayari na biyu makafi ne daga wata makaranta. Shekarau ya ɗauki allon zai miƙa musu su shafa, kamar kullum, sai yatsunsa suka tsaya cak. Ya sake bin gefen allon daga sama har ƙasa. Ya ce, "Iya, wa ya dawo daga Makka jiya?" Iya ta ce, "Wace irin magana ce wannan?" Ya ce, "Rabin tauraro goma sha huɗu nake ji. An cika uku. Wannan ba allonmu ba ne." Ashe wanda ya sassaƙa na jabun ya ɗauka gogewa suka yi, ya gyara su. Iya ta kai allon bakin ƙofa, ta duba a haske, ba ta ga bambanci ba. Babu mai idon da ya gani. Ba don yatsun Shekarau ba, da har yau ana nuna wa baƙi allon jabu.

Sai dai sanin an yi sata daban, sanin ɓarawo daban. Baƙin safe sun tafi a mota uku, kowace da hanyarta. Rifkatu ta zauna a kan tabarma, ta buɗe hotunan da ta ɗauka, tana bin su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Ta koma har na wata biyu da suka wuce. Can ta ce, "Ga shi nan, Iya. Wancan zuwan ba shi da gemu, ya ce shi malamin zane ne. Yau ya zo da gemu da rawani da wani suna. Amma dubi zoben, dubi kuma tabon da ke bayan hannunsa." A hoton yau mutumin yana rungume da darduma a ninke, mai faɗi da tauri fiye da yadda darduma take. Ba don Rifkatu ba, da an bi mota uku a makance.

An san mutum, saura inda ya nufa. Mai unguwa ya ce a buga waya a tare kwalta. Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zai bi kwalta ba. Tsohuwar hanya zai bi, ya ƙetare kogi a Mashigar Alhazai. Yau kasuwa, babban jirgin ruwa ba ya tashi sai an yi azahar." Ya ɗebi 'yan sintiri biyu, ya yanki daji ta burtalin da shi kaɗai ya san mota na iya bi. Suka iso ana kwance igiyar jirgi. Cindo ya faɗa ruwa har ƙugu, ya cafko dardumar, suka yi ta ja-in-ja har mutumin ya saki. Jirgi ya tafi da mutumin. Daga tsakiyar kogi ya ɗaga murya ya ce, "Ku gaishe mini da mutanen ɗakin allo, sun yi mini karamci!" Ba don Cindo ba, da allon ya ƙetare ruwa ya tafi ke nan.

Bayan la'asar allo ya dawo. Shekarau ya shafa ya ƙirga goma sha bakwai. Gari ya yi ta murna, ban da Iya Tabawa. Gaisuwar nan ta tsakiyar kogi ta tsaya mata a rai, ta zauna tana juya al'amarin.

Ta tuna cewa da can allon a akwatin gilashi yake, a kulle. Shekarau ne ya dame ta shekara guda yana cewa, "Iya, gilashi muka zo shafawa?" har ta fito da shi. Kuma da safen nan shi ne ya bar allon a hannun baƙi ya fita shan ruwa. Ta tuna Rifkatu ce ta bar malamin zanen nan ya ɗauki hoton allon gaba da baya, har ya auna shi da zare, alhali Iya ta hana. Ta tuna kuma Cindo ne ya kawo mutumin duka zuwan biyu a kujerar gaba, kuma da bakinsa ya faɗa wa 'yan sintiri cewa shi ya kwatanta wa mutumin Mashigar Alhazai.

Ta kira su ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Shekarau ya ce, "Da da hannuna a ciki, Iya, ai sai in yi shiru. Wa zai gane?" Rifkatu ta ce, "Da ni ce, da na goge hoton tun tuni." Cindo ya ce, "Ni kuwa da sai in ce taya ta fashe a daji." Iya ta dube su ta ce, "Kowa ya iya magana. Ai wanda ya ga asiri zai tonu, shi ke riga kowa ihu."

Shekarau ya ce, "To ni na fara ihun, Iya. Ni kike nufi?"

Ta ce, "Ban kama suna ba."

Kwana tara ta yi tana kallonsu, ba ta ga abin kamawa ba, ba ta kuma ga abin da zai wanke su ba. Ɗakin ba zai zauna a rufe ba, don ayari shida sun riga sun sa ranar zuwa. Mabuɗi kuma ɗaya ne, maƙerin da ya yi kwaɗon ya daɗe da rasuwa. Ranar Juma'a da hantsi motar maniyyata ta tsaya a ƙofar gida. Iya Tabawa ta fito da jakarta, ta kwance mabuɗin daga haɓar zani, su ukun suna tsaye a gabanta.

To, jama'a, Shekarau, Rifkatu ko Cindo: a hannun wa ya kamata ta sa shi?