Ranar da Duna Ya Ƙi Zuwa

Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Tarka, ana ce masa Malam Jibrin. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi ci-rani Agadas, gida ya rage daga shi sai rumbu.

Wani makiyayi ya bar masa ɗan kwikwiyo baƙi, ya sa masa suna Duna. Wallahi ya so karen nan. Da shi yake hira in ya dawo daga gona, shi yake ba ƙanzon tuwo.

Sai dai Malam ba ya wasa da tsarki, Duna kuwa ƙuruciya na ɗibarsa. Yau ya lashi buta, gobe ya hau buzun salla. Duk sanda ya yi haka, sai Malam ya sassauta murya ya ce, "Duna, zo!" In ya zo yana kaɗa wutsiya, sai tsumagiya.

Maƙwabcinsa Akila, tsohon mafarauci, ya ce masa, "Malam, rataye butarka sama mana. In ka kira shi ya zo, ba shi ɗan abu, ko da ya yi laifi."

"In ba kare lada don ya ɓata mini buta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Tanƙwarawa aka ce, Malam, ba karyawa ba."

Malam ya yi kunnen uwar shegu.

Ran nan da hantsi mahaukacin kare ya shigo gari ya ciji akuya. Maigari ya sa aka yi shela: kowa ya ɗaure karensa, wanda aka gani a waje a kashe.

Duna yana bakin rijiya yana wasa. Malam ya fito da gudu ba takalmi, ga samari can tafe da sanduna.

"Duna, zo! Zo, ɗana!"

Duna ya ɗaga kai. Ya san kiran nan sarai. Ya maƙale wutsiya, ya juya, ya ruga wajen samarin.

Malam da kansa ya haƙa ramin binne Duna a bayan gidansa. Akila ya tsaya gefe. Malam ya ce, "Ya ji ni, Akila. Don ya ji ni ne ya gudu."

Darasi: Wanda ba ka kira sai don duka, ranar da ka kira shi don ceto ba zai zo ba, dabba ne ko ɗan cikinka. Ku tura wa duk mai renon wani.