Mai Kindirmon Ƙofar Kibo

An yi wani mutum a cikin birnin Zariya, can unguwar Ƙofar Kibo, a 'yan shekarun da suka rage kafin Turawa su miƙa mulki. Ba zan faɗi sunansa ba. Danginsa suna nan har gobe, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu ba.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. In an kira salla a sahun gaba za ka same shi. Sana'arsa ɗinkin riga, a zaurensa yake wuni da allura. Yana da mata ɗaya, Barira, da 'yarsu Jamilatu, wadda suka samu bayan an daɗe ana roƙon Allah. Uwarsa ba ta bar masa gona ko shanu ba. Abin da ta bari a gidan shi ne irin kindirmo.

Kun dai san yadda ake yi. A dafa madara, a bar ta ta huce, a ɗebo ɗan ragowar kindirmon jiya a ludayi a zuba, a rufe da faifai a ajiye a lungun ɗaki. Kafin gari ya waye ya kama. Wannan ɗan ragowar shi ne iri. Masu ilmin zamani sun ce akwai wasu ƙananan halittu a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, su ke gyara hanji, su taimaki jiki wajen yaƙi da cuta. Iyayenmu ba su san sunansu ba. Sun dai san iri yana da rai, kuma in ba a kula da shi ba yana mutuwa.

Na tsohuwar nan, uwar mutumin, kuwa daban yake. Ga kauri, ga ɗan tsami mai daɗi wanda ba ya yankan harshe. Yaron da ya tashi daga zawo ya zama sai ido, in aka dinga ba shi, sai ka ga ciki ya tsaya, cin abinci ya dawo. Tsoho mai kumburin ciki ya sha ya yi gyatsa ya gode Allah.

A unguwar akwai al'ada: ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi. Kamar ɗibar wuta yake. In naki ya lalace, ki aika maƙwabta da ludayi, gobe in nasu ya lalace su aiko wurinki. Ta haka irin tsohuwar ya shiga gidaje da dama, ya rayu shekara da shekaru.

Bayan rasuwarta, wani akawun En'e, wato hukumar sarki, da ya sha ƙwayoyin asibiti har cikinsa ya rikice ya zo karɓar ɗinki. Aka kawo masa kindirmon da Barira ta yi, ya ji daɗinsa, ya riƙa aikowa ana ba shi. Da ya ji sauƙi sai ya bi ofis-ofis yana ba da labari. Kafin ka ce kwabo, kekuna sun fara jeruwa a ƙofar zauren, kowa da kwalbarsa.

A nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Mutumin ya dubi allura, ya dubi kekuna, ya ce a ransa ashe arziki na kwance a lungun ɗakinsa yana ta wahalar da idonsa. Neman halal ba laifi ba ne, ya 'yan uwa. Da sayarwa kawai ya yi, da ba ku ji labarinsa a bakina ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, duk wanda ya sayi kwalba ɗaya ya samu iri, kuma rabin unguwa ma suna da shi tun tuni.

Sai ya shirya ƙarya. Ya ce ba iri ne ke aiki ba, wani asiri ne da tsohuwa ta raɗa masa shi kaɗai tana gargarar mutuwa. Ya riƙa barbaɗa garin kanumfari don ɗanɗano ya sauya. Ya ce wanda ke hannun matan unguwa ya riga ya salance, kuma duk wadda ta ɗebi nasa ta yi iri ba da izininsa ba, abin da ya samu 'ya'yanta ita ta jawo. Kun san halinmu. Ka ce wa mutum nono ne, ya taɓe baki. Ka ce masa asiri ne, ya kawo kuɗi har da durƙuso. Mata suka tsorata, wasu suka zubar da nasu, wasu suka bari ya mutu. Barira kanta ta gaskata mijinta, ta daina miƙa ludayi ta kan katanga.

Mutum ɗaya ce ta yi dariya, wata dattijuwa Asabe, ƙawar uwarsa tun suna 'yan mata. Ta zo har ƙofar zaure ta ce, "Ɗan nan, wane asiri? Da ni da uwarka a ƙwarya ɗaya muka ɗebo shi."

Jama'a na zaune, kunya ta kama shi. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce tsufa ya taɓa ta. Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa abin da ke ƙwaryarta ba shi ne nasa ba. Ya ƙara da cewa mai shan nasa, shi da asibiti sai dai ya je duba wani. Asabe ta ja mayafinta ta koma gida, ba ta sake takowa ba.

Don kada Barira ta gane babu wani asiri, ya kwashe ƙoren ya kai wani ɗan ɗaki kusa da zaure, ya sa kwaɗo. Shi ke dafawa, shi ke zubawa. To, hannun da ya saba da allura ina ya san wanke ƙwarya da ruwan zafi a kife ta a rana? Yau ya ɗauraye sama-sama, gobe ya zuba sabo a kan tsoho.

Bazara ta shigo. Shanu suka yi kudu neman ciyawa, madara ta yi wuya, masu kwalabe kuwa sai ƙaruwa suke. Wata safiya ya buɗe faifai, wari ya buge shi. Ruwa a sama, yauƙi a ƙasa. Ya buɗe ta biyu, haka. Iri ya mutu. Da a bara ne, aike ɗaya ya isa. Bana wa zai aika wa?

Ya saci jiki ya sayo nono a wurin wata Bafillatana a bakin kasuwa, ya gwada. Ya kama, amma ba kauri, ba ɗanɗanon da aka sani, kuma bai kai ya cika kwalaben da ke jira ba. Sai ya jiƙa garin 'ya'yan kuka da ruwan rijiyar bayan gida, ko tafasawa babu, ya haɗa da ɗan nonon da guntun jiya, ya ƙara kanumfari. Ya ce wa kansa na yau ne kawai, kafin madara ta dawo. Washegari ma haka ya ce.

Daga ranar bai sake sakewa a gidansa ba. Makullin na aljihunsa, minti-minti yana taɓawa. In an yi sallama gabansa ya faɗi. In wani ya ce ɗansa ya sha amma cikin bai tsaya ba, sai ya ce a ƙara kwalba, a kuma ƙara yaƙini. Ya so ya ce ya daina, amma me zai ce ya samu asirin? Asiri ai ba ya ƙarewa don shanu sun yi kudu.

Ruwan fari ya sauka, zawo ya shiga unguwa yana bin gida-gida. Ya kama Jamilatu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Barira ba ta ko tsorata ba. Me zai tsorata matar mai magani? Ta ce, "Malam, a kawo wa yarinyar nan na Inna." Ya shiga ɗakin, ya tsaya a kan ƙoren ya daɗe. Ya san abin da ke ciki. Ya san rijiyar da ya ɗebo ruwan. Ya cika kwalba ya fito ya miƙa mata, don bai san da wane baki zai hana ba.

Ciki bai tsaya ba, sai ma amai da ya ƙaru. Ya ce mata, "Ki ɗan rage ba ta."

Ta dube shi da mamaki. "In rage maganin da ya tashi 'ya'yan mutane? A kan tawa za a yi rowa?"

Da ta shiga madafa, ya ɗauki kwalbar ya tuttular a bayan gida, ya ce mata ya ƙare sai gobe. Ya fita masallaci yana jin ya yi dabara. Kafin ya dawo, Barira ta aika gidan maƙwabcin da ya saya da safe, an sam mata rabi, tana ɗura wa yarinyar da cokali tana bismilla.

Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin tarko irin wannan? Ba wanda ya ɗaure shi. Ƙofar gidansa a buɗe take. Kalma ɗaya zai faɗa wa matarsa, amma kalmar nan za ta rushe duk abin da ya gina, ta kuma nuna shi a matsayin mai rantsuwa kan ƙarya. Asibiti yana bayan ganuwa, kuma ba a zuwa sai an bi ta ƙofar gari, inda masu kekuna da 'yan tireda da masu zaman hira duk sun san shi, duk sun ji abin da ya ce game da asibiti. Gidan Asabe kuwa ga shi nan, in an yi tari a can ana ji a zaurensa, amma a ganinsa ya fi Makka nisa. Gaba kura, baya siyaki. Kullum sai ya ce bari a ga gobe, wataƙila ta ji sauƙi da kanta.

Yana son 'yarsa, kada ku ce ba ya so. Yakan zauna kusa da tabarmarta hawaye na zuba, Barira na ba shi haƙuri, tana ce masa ya dogara ga Allah da maganin Inna. Kowace kalma tata kamar ana soka masa allurarsa. Yana son 'yarsa, amma ya fi jin tsoron bakin mutane, kuma wannan shi ne ciwon da ya kashe gidan.

Idon yarinyar ya faɗa, maɗigarta ta lotsa, kukan ma ya daina fita. Ran nan da hantsi ta kalle shi, ta motsa leɓe tana neman ruwa, sauti bai fito ba. Sai a lokacin ya miƙe. Ko takalmi bai sa ba ya nufi gidan Asabe, ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Inna, ƙarya na yi. Iri ya mutu tun bazara. Jamilatu za ta mutu."

Tsohuwar ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta bi shi. Tana ganin yarinyar ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta ce, "Wannan ya wuce nono, ɗana. Nono na mai iya haɗiya ne. Ɗauke ta ka yi asibiti, yanzu."

Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita da gudu, rana tsaka, ta gaban duk mutanen da ya ji tsoro. Ba wanda ya yi masa dariya. Wani ma keke ya miƙo masa. Bai kai ƙofar gari ba ya ji jikinta ya saki.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Barira ta same shi a zaure. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Malam, ranar da ka miƙo mini kwalbar farko, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Da hannuna ka sa na ba ta."

Ana gama zaman makoki ta tafi gidan iyayenta, kuma duk wanda aka aika biko ya dawo da kunya. Magana ta bazu. Iyayen yaran da suka sha jiƙon kukarsa suka fara tuna abin da ya faru da nasu, har da waɗanda suka binne. Ba wanda ya kai shi gaban alƙali, ba wanda ya buge shi. Sallama kawai aka daina yi masa. Ya koma ga allura, ba mai kawo ɗinki. Ya so ya bar garin, ya kasa barin kabarin. Ya so ya zauna, ya kasa haɗa ido da kowa. A zauren nan ya ƙare, yana fita sallar asuba tun da duhu, ya tsaya a ƙarshen sahu, ya tashi kafin a shafa addu'a. Ko ya samu tuba karɓaɓɓiya, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Ban ce muku nono yana hana ajali ba. Kwanan Jamilatu ya ƙare, kuma da an kai ta asibiti da wuri, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance. Amma za a tambayi uban a kan abin da ya sani ya yi shiru.

Ku duba inda abin ya faro. Ba da kisa ya fara ba. Da hana maƙwabci ɗan abin da ba ya rage ka da komai ya fara, kuma Allah ya yi tir da masu hana irin wannan. Rowa ta nemi ƙarya ta tsare ta, ƙarya ta nemi rantsuwa, rantsuwa ta kawo algus. Kai mai sayar da magani, faɗi iyakar abin da maganinka ke yi, kada ka ƙara. Kada ka ce yana maganin komai, kada ka tsaya tsakanin majiyyaci da likita don ka cika aljihu. Kai kuma da ke riƙe da wata ƙarya a yau, kana jin ta yi nisa ba ta warwaruwa, ka warware ta kafin la'asar. Kunyar yau mai sauƙi ce. Wanda zai biya kuɗin shirunka, sau da yawa ba kai ba ne, wani ne da ya amince da kai.

Ya Allah, kada ka sa tsoron mutane ya fi tsoronka girma a zukatanmu. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Ka jiƙan yaran da suka riga mu, ka ba iyayensu dangana. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.