Silin Gashin da Tasalla Ta Ƙi Mayarwa

Dalilin da ya sa karara take ƙaiƙayi, kuma jajayen ƙwarin nan na cikin ciyawa ba sa cizon mutum sai a ƙugu da hammata da bayan gwiwa, shi za ku ji yau, tunda an hana ku zuwa fadama da tsakar rana kun ƙi ji, ga shi kun dawo kuna susa kamar birai. Ku matso nan. Wanda ya ƙara kai farce jikinsa, ba zan shafa masa toka ba.

A da can, karara wake ce kamar kowane wake, sai dai ta daji. Kwansonta sumul yake, awaki su ci, yara su yi wasa da shi. Mutum kuma yana iya kwanciya cikin ciyawa tun hantsi har la'asar, ya tashi babu ƙurji ko ɗaya a jikinsa.

A wancan zamani, a wani ƙauye da ake kira Kwarin Maje, akwai wata mai kitso, sunanta Tasalla. Hannunta ba zafi, tsagarta kuma a miƙe take kamar an ja zare. Har daga ƙauyukan ƙetaren fadama ake aikowa a ɗauke ta. Mijinta mafatauci ne, rabin shekara ba ya gari, don haka suna zaune ne da uwar mijin, Iya Marka, da kuma 'yar Tasalla guda ɗaya tal, Kuluwa, mai shekara bakwai.

Kuluwa 'yar fari ce, kuma kun san yadda mutanen da suke da 'ya'yan fari. Tasalla ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane. In za ta yi zancenta sai ta ce "yarinyar nan". Ita ma yarinyar Yaya take ce mata, kakarta take kira Inna. Amma kada ku ɗauka ba ta sonta. Son da ba a faɗa ya fi cin rai, kuma Tasalla yana cin ta sosai.

Ana haka wata muguwar masassara ta kama Kuluwa da damina. Ta tashi, amma gashin kanta ya zube, sai 'yan gutsattsari nan da can. Wata uku bai fito ba. Yara suka sa ta a waƙa, ta daina zuwa dandali, ta koma zama bayan rumbu. Uwarta kuwa kullum tana gyara kawunan 'ya'yan mutane, ta dawo gida ta tarar da tata da kai ƙwal, ta kawar da ido kamar ba ta gani ba.

Wata rana da kaka, saura kwana huɗu Sallah, Tasalla ta gama kitso a ƙetare ta kamo hanyar gida rana na tsaka. An ce mata ta bari rana ta karya, ta ce aiki na jiranta. Tana shiga fadama sai ta lura komai ya yi tsit. Babu kukan tsuntsu, babu na kwaɗo, ciyawa ma ba ta motsi.

A gindin wata tsohuwar kanya ta ga mace zaune, ta ba hanya baya. Gashinta a tsefe yake, ya sauko ya rufe kafaɗunta da bayanta da ƙafafunta, ya malala cikin ciyawa. Launinsa kamar na zuma. Tasalla ta yi sallama. Matar ta amsa, amma muryar ba daga gabanta ta fito ba, daga bayan kunnen Tasalla ta fito.

Ta ce, "Mai kitso, na daɗe ina jiranki. Zauna ki yi mini."

Tasalla ta san ko wace ce, ko kuma mu ce ta san ba mutum ba ce. Ta kuma san gudu ba shi da amfani. Ta ajiye ƙwaryarta, ta fiddo matsefi da tsinke da man shanu, ta zauna a bayan matar. Kan yana da sanyi kamar gindin randa. Gashin kuwa tunda take kitso ba ta taɓa taɓa mai laushinsa ba. Da ta tsaga sai ta ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye suna kai da kawowa a fatar kan. Ta kai farce za ta murtsuke ɗaya, irin yadda ake yi wa kwarkwata, sai muryar ta ce ta bar su, yaran gidanta ne, su ke yi mata aike.

Ta yi ta kitso har yatsunta suka yi tsami, amma inuwar kanyar ba ta gusa ko taki ɗaya ba. Duk tsawon lokacin nan matar ba ta waiwayo ba, Tasalla ma ba ta yi marmarin ganin fuskarta ba. Da ta kammala, matar ta shafa kanta da wani dogon hannu, ta ce ya yi. Sannan ta tambaye ta ko tana da wata bukata, ko akwai wani nata da ke cikin damuwa, ta faɗa a biya mata.

Nan fa maganar ta zo wa Tasalla har bakin harshe. Amma yaya za ta buɗe baki ta roƙar wa 'yar fari abu a gaban baƙuwa? Kunyar da aka raine ta da ita ta hana ta. Ta sunkuyar da kai ta ce babu komai, lafiya lau suke.

Matar ta ce, "To. Gashin da ya zuba, ki tattara ki binne, kamar yadda kuke yi wa naku. Kada sili ɗaya ya bar wurin nan."

Tasalla ta tattara gashin da matsefi ya ciro, ya cika tafin hannu. Ta tona rami da tsinke, ta mayar da ƙasa, ta daddanna. Amma ramin wofi ta rufe. Gashin ta cusa shi a ƙugunta, cikin ɗaurin zane. Tana fita daga fadamar tsuntsaye suka ci gaba da kuka, rana kuma ta ga har ta yi la'asar sakaliya.

Washegari ta ce wa Iya Marka ta turo mata yarinyar nan. Ta zaunar da Kuluwa tsakanin gwiwoyinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙa kama gutsattsarin gashinta tana haɗawa da na matar tana kitsewa. Da aka gama Kuluwa ta leƙa cikin ruwan randa, ta yi dariya, ta ruga dandali. Tasalla ta shiga ɗaki ta yi kukan daɗi ita kaɗai. Iya Marka dai ta dubi kitson ta dubi surukarta, ta tambaya ina aka samo gashi mai wannan launi. Tasalla ta ce tsintuwa ta yi.

Kwana ɗaya aka yi ana murna. A na biyu Kuluwa ta fara susa. Wuyanta da goshinta suka yi ruɗu-ruɗu, duk inda jelar kitson ta taɓa sai ya tashi. Kitson kuma maimakon ya saki, ƙara ɗamewa yake yi, yana ƙara tsawo. A rana ta uku, da rana ta take tsaka, aka neme ta aka rasa. Tasalla ta same ta tsaye a bayan gari, ta fuskanci fadama, idonta a buɗe amma ba ta ƙiftawa. Ta dubi ƙasa, ta ga inuwar yarinyar ta koma 'yar ƙarama, ba ta fi ta kaza ba.

Kuluwa ta ce, "Yaya, ana kirana a can. Amma mai kiran ba ta san sunana ba, sai cewa take yi, ke mai gashina."

Tasalla ta sungume ta ta kai gida, ta durƙusa gaban Iya Marka ta faɗi gaskiya duka. Tsohuwar ba ta yi mata faɗa ba, don babu lokacin faɗa. Ta riƙe yarinyar, Tasalla ta hau tsifa. Gashin yana ƙona mata yatsu, hannayenta suka kumbura har gwiwar hannu, ba ta tsaya ba. Ta cire shi sili-sili tana zubawa a ƙwarya, har kan ya koma yadda yake.

Sai sili ɗaya, a bayan kunnen hagu. Wannan ya riga ya yi saiwa. Ta ja, Kuluwa ta ƙwalla ƙara, jini ya fito. Ta sa aska, askar ta dakushe. Suka dubi juna ita da Iya Marka. Tsohuwar ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura wa jikarta, ta rufe kunnen ruf.

Ranar Sallah, mutane na can suna cin tuwo, Tasalla ta ɗauki ƙwaryar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon 'yarta da ke barci. Ta ce, "Iya, ga yarinyar nan." Iya Marka ta ce, "Na gan ta. Allah ya kiyaye hanya."

Matar tana nan inda ta bar ta, ta ba hanya baya. Tasalla ta ajiye ƙwaryar ta ce ta yi laifi, ga gashin ta dawo da shi. Dogon hannun nan ya miƙo ta baya ya shiga ƙwaryar, ya taɓa sau ɗaya.

Muryar ta ce, "Da kin roƙa, da na ba ki wanda ya fi wannan. Na tambaye ki, kika ce babu komai." Ta ƙara da cewa, "Saura sili ɗaya. Wa kika sa wa? Faɗi sunanta in kira ta, ta kawo mini da kanta."

Tasalla ta san in sunan ya fita daga bakinta, Kuluwa za ta taso ta shigo fadamar nan, kuma ba za ta sake fita ba. Ta ce, "'Yar fari ce. Ba na faɗin sunanta."

Matar ta sake tambaya, ta kuma sakewa, muryar tana matsowa har Tasalla tana jin sanyinta a wuya. Amsar dai ita ce. Shekara bakwai bakinta ya saba da riƙe sunan nan, ba ranar ce zai suɓuce ba. Da aka tambaye ta ina silin yake, sai ta sake yin ƙarya, wadda ni dai ban ga laifinta ba. Ta ce a ƙugu ta ɓoye gashin, ta yiwu ya maƙale mata a zane, ko ya zame ta hammata ko ta bayan gwiwa ya faɗa cikin ciyawa, ko wani mai wucewa ya kwashe shi a tufafinsa.

Matar ta girgiza kai. Jajayen ƙwarin suka zubo kamar gero, suka watsu cikin ciyawa. Ta umarce su da su binciki duk wanda ya ratsa, su duba ƙugu da hammata da bayan gwiwa, kada su dawo sai da silin. Gashin ƙwaryar kuma ta ce ya taɓa kan ɗan Adam, kuma ba za ta mayar da shi kanta ba sai an samo silin ya cika. Ta watsa shi kan karara, waken dajin da ya naɗe kanyar, ya manne a kwanson, ta ce duk hannun da ya taɓa mata ajiya ya ji abin da hannun ɓarauniya ya ji.

Sannan ta ce, "Ke kuma zauna. Kitson ya tsufa. Za ki yi ta yi mini har ranar da aka samo."

Tasalla ta fiddo matsefinta ta zauna. Ta fi kowa sanin ranar ba za ta zo ba.

Kuluwa ta warke, inuwarta ta dawo, gashinta ya fito baƙi ƙirin, ban da silin nan mai launin zuma. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, kuma ba a taɓa ganinta ba ɗankwali ba. Da tana yarinya takan yi kuka ta ce uwarta ta tafi ba ta taɓa kiran sunanta ko sau ɗaya ba. Sai da ta girma Iya Marka ta gaya mata cewa rashin kiran ne ya sa take raye.

Shi ya sa har yau karara take sanye da gashin da ba nata ba, kuma duk wanda ya taɓa sai ya yi susa har ya yi kuka. Shi ya sa jajayen ƙwarin nan suke bin mutum ƙugu da hammata da bayan gwiwa, ba su taɓa hawa kai ba, don ba a ce su duba can ba. Masu yankan ciyawa sun ce in rana ta take tsaka, fadama ta yi tsit, akan ji ƙanshin man shanu da ƙarar matsefi a gindin kanya.

Silin nan kuwa bai bi Kuluwa kabari ba. An ce yakan fito a bayan kunnen ɗaya daga cikin zuriyarta, kuma mu nan gidan jininta ne. Don haka in kun shiga fadama kada ku riƙa ƙwala wa juna kira da suna. Ke Hansai, zo nan ki juyo da kunnenki na hagu in gani. To. Je ki ɗauko ɗankwalinki.