Wayar da ke shan wutar mutanen sama

An yi wani bawan Allah a wani gari, Malam Hashimu, dillalin ƙwai. Ku saurara, jikokina.

Ya kama shago a ƙasan wani bene, aka haɗa masa wayar tebur irin ta ofis, ta nan masu saye ke nemansa. Rannan aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, rediyo ya yi shiru, wayar kuwa tana nan da haskenta, har ta yi ƙara. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi. Igiya ɗaya ce tak, ta shige bango.

Ya kirawo wanda ya haɗa ta. "Ɗana, me abin nan yake ci?"

"Baba, igiyar intanet ce. Ita ke kawo magana, ita ke kawo wuta."

"Wuta da magana a igiya ɗaya? Maganar ba ta ƙonewa?"

Ni ma har yau ban gane ba, kar ku tambaye ni.

"To, wutar wa?"

"Akwai wani akwati a sama, yana jone da batirin kamfanin da ke can."

"Sun sani?"

Mutumin ya kwashe da dariya. "Haba Baba, abin da take sha bai kai na 'yar fitila ba!"

Nan take Malam Hashimu ya zare igiyar, ya hau bene. Sakatare ya ce batir ba nasa ba ne. Manaja ya ce, "Malam, je ka jona, na yafe."

"Yallaɓai, naka ne?"

Manaja ya sosa ƙeya. Masu kamfanin fa? Wai suna da yawa, wai wasunsu ba su ma san juna ba. Ikon Allah! Dukiya guda, a rasa mai ita?

Waya tana zare, masu saye suka koma wurin wani dillali, ƙwai ya yi ta ruɓewa a zafi. Matarsa ta yi faɗa, ta yi kuka. Bai jona ba. Ya ɗauki ƙwai ya kai sama, a madadin wutar da ya riga ya sha, suka ce babu wanda aka ba ikon karɓa. Haka ya koma ga Ubangijinsa yana cigiyar mai wutar don ya biya shi.

To kun ji. Haƙƙin mutane ba ya ƙanƙanta don ido bai gan shi ba. Malam Hashimu ya rasa mai bin sa bashi, ya hana kansa ci. Ku kuwa kun san mai bin ku, kun san ƙofar gidansa, sai ku sake hanya. Kai Jafaru, daina sunkuyar da kai. Wayarka a janaretan wa take caji tun safe?